Faya-fayan Joyce Hatto: Hannun Wa Ke Kan Fiyanon?

A watan Yunin 2006 wata tsohuwa mai shekara 77, mazauniyar Royston, wani ƙaramin gari da ke arewa da Landan, ta rasu, manyan jaridun Ingila kuma suka yi mata ta'aziyya irin wadda ake yi wa gwanaye. Jaridar Guardian ta sa ta a sahun manyan makaɗan fiyano da Birtaniya ta taɓa haifa. Sunanta Joyce Hatto. Rabon da a gan ta tana kiɗa a gaban jama'a tun 1976, amma a 'yan shekarunta na ƙarshe faya-fayan CD fiye da 100 suka fito da sunanta, duk daga wani ɗan kamfani mai suna Concert Artist, mallakar mijinta William Barrington-Coupe.

Sai mutum ya san halin masu son wannan kiɗa na Turai kafin ya gane girman abin. Kiɗan a rubuce yake, Beethoven ko Chopin sun riga sun tsara kowane sauti tun fiye da ƙarni guda. Abin da ya rage wa makaɗi shi ne hannu: saurin da zai ɗauka, nauyin yatsa, inda zai ɗan dakata kafin ya saki. A kan wannan ne masoya ke kashe kuɗi da lokaci. Za ka tarar da mutum yana da faifai goma na kiɗa ɗaya, kowanne da makaɗinsa, yana rantsuwa cewa ko a cikin barci ba zai haɗa hannun Horowitz da na Richter ba. Suna gaya wa juna abin da suke saurare a wannan mako, suna musu, kuma babu abin da ke yi musu daɗi irin gano wani gwani da duniya ba ta sani ba. Ta wannan ƙofa sunan Hatto ya shigo, daga bakin wannan zuwa kunnen wancan, har a 2005 Richard Dyer na jaridar Boston Globe ya rubuta cewa ita ce mafi girman makaɗan fiyano masu rai da kusan ba wanda ya taɓa jin sunansu.

Abin da ke cikin faya-fayan ya isa ya sa a yi mamaki. Akwai sonata 32 na Beethoven gaba ɗaya, da na Mozart da na Prokofiev, da kusan duk abin da Chopin ya rubuta, da manyan kaɗe-kaɗen Rachmaninov da Brahms da Tchaikovsky waɗanda ake yi tare da tawagar makaɗa. Har da darussa 53 da Godowsky ya gina a kan na Chopin, waɗanda makaɗan da suka iya ɗaukarsu cikakku ba su taka kara sun karya ba, saboda tsananin wuya. Galibi kowane gwani yana da fagen da ya fi ƙarfi. Ita kuwa ko'ina ta shiga sai ta yi zarra, kuma salonta yana sauyawa daidai da mai kiɗan. Masu sharhi suka ce ai wannan shi ne tawali'u, ta ɓoye kanta don a ji marubucin.

Mijin ne ke ba da labari, kuma ya iya. Ciwon daji ne ya raba ta da dandali, in ji shi, amma ba ta saki fiyano ba, tana lallaɓawa ɗakin ɗaukar sauti tsakanin jinya da jinya. Wanda ke jagorantar tawagar makaɗan da ke mara mata baya wai wani René Köhler ne, Bayahude da ya tsira daga kisan 'yan Nazi.

A nan ne wasu suka fara cewa da walakin goro a miya. Kiɗan Rachmaninov yana bukatar makaɗa sittin ko saba'in, kowanne da kuɗin aikinsa, ga hayar zaure, ga injiniyoyi. Ina ɗan kamfanin da ake gudanarwa daga Royston ya sami wannan kuɗi? Ya aka yi ba a taɓa samun ko mutum ɗaya da ya ce yana cikin tawagar ba? Shi kuma Köhler, ba a ga sunansa a wani littafin tarihin makaɗa ba, ba a sami wanda ya taɓa aiki da shi ba. A 2005 wani masanin kiɗa ɗan Kanada, Marc-André Roberge, ya lura da wani abu ƙarami: a faifan Godowsky na Hatto akwai kuskuren karatu a wani wuri, kuma irinsa sak yana cikin faifan Carlo Grante ɗan Italiya. Mutum biyu kan dace a kan daidai, amma dacewa a kan kuskure ɗaya a wuri ɗaya abin dubawa ne. Ba a duba ba. Da raɗe-raɗi suka yi yawa ma, a 2006 mujallar Gramophone, uwa a fagen sharhin faya-fayai, ta buga ƙalubale ga masu shakka: su kawo hujjar da za ta tsaya a kotu ko su yi shiru. Ba wanda ya fito. Wa zai so a ce shi ne ya ƙaryata mace mai jinya?

Wata takwas bayan rasuwarta, a Fabrairun 2007, wani mai nazarin harkar kuɗi a jihar New York ya saka faifan Hatto na darussan Liszt goma sha biyu a kwamfutarsa. Manhajar iTunes ba ta karanta sunan da ke jikin kwali. Tana duba yawan kaɗe-kaɗen da ke kan faifan da tsawon kowanne, ta aika wa rumbun bayanai na Gracenote, shi kuma ya nemo faifan da lissafinsa ya yi daidai. Sunan da ya bayyana a allo László Simon ne, ɗan Hangari, wanda kamfanin BIS na Suwidin ya fitar da faifansa shekaru da dama kafin nan. Mutumin ya nemo na Simon ya saurara, ya ji kamar abu ɗaya, sai ya sanar da mai sharhi Jed Distler. Distler ya gwada faifan Rachmaninov na Hatto, kwamfuta ta ce masa Yefim Bronfman ne tare da jagora Esa-Pekka Salonen, a kamfanin Sony.

Gramophone ta miƙa aikin ga injiniyan sauti Andrew Rose na Pristine Audio. Hanyar tasa ba ta bukatar gwanintar kunne. Kowane sauti da aka ɗauka yana da zane a allon kwamfuta, tsauni da kwari, kuma ko makaɗi ɗaya ya maimaita kiɗa ɗaya sau biyu zanen ba zai taɓa hawa kan juna daidai ba. Rose ya ɗora zanen Hatto a kan na Simon, suka zauna cif. Goma daga cikin sha biyun na Simon ne. Wanda ya fi wuya a cikinsu, na biyar, an ɗauko shi daga Minoru Nojima ɗan Jafan. A sauran faya-fayan aka ga aikin ɓoye sawu: an ƙara sauri ko an rage ba tare da an taɓa amon ba, an musanya lasifikar dama da ta hagu, an sauya launin sautin don fiyanon ya yi kamar ɗaya ne a ko'ina. Wani kiɗan Godowsky an ja shi da fiye da kashi 15 cikin ɗari. Ranar 15 ga Fabrairu mujallar ta fasa ƙwai.

Ashe wasu sun riga sun iso wurin ta wata hanya. A Royal Holloway ta Jami'ar Landan, Nicholas Cook da Craig Sapp suna nazarin yadda makaɗa daban-daban ke sarrafa lokaci a kaɗe-kaɗen mazurka na Chopin, suna auna tazarar kowane bugu. Biyu suka fito tamkar an tsaga kara: na Hatto da na Eugen Indjic wanda ya fito a 1988. Daga nan masu sauraro suka bazama, kowa da tarin faya-fayansa, waɗanda jiya suke yabo yau su ne 'yan farauta. Faifan kiɗan Messiaen na Hatto na Paul Kim ne. Babban kiɗan Brahms na biyu kuwa na Ashkenazy ne tare da Bernard Haitink da makaɗan Viyana. René Köhler kuwa ba a taɓa haihuwarsa ba.

Abin da ya fi ɗaure mini kai a nan shi ne zaɓen. In ban da 'yan kaɗan irin su Ashkenazy da Bronfman, yawancin waɗanda aka sace wa aiki ƙwararru ne da ba su yi suna ba, faya-fayansu sun fito sun wuce ba hayaniya. Wanda ya zaɓo su yana da kunne, a ba shi wannan. Kuma masu sharhi ba su yi kuskure ba da suka ce kiɗan ya yi kyau, domin ya yi. Inda suka faɗi shi ne ba su ji kyan ba sai da aka rataya masa labari. Akwai mai sharhin Gramophone da ya ce faifan Bronfman bai da zafin rai lokacin da ya fito, bayan shekaru ya ji shi ɗin dai da sunan Hatto ya kai shi sama. Ba na yi masa dariya sosai. Duk mai sauraron da ya taɓa cewa "wannan hannun wane ne" bayan ya riga ya karanta kwali yana cikin jirgin.

Barrington-Coupe da farko ya ƙeƙasa ƙasa. Bayan 'yan kwanaki ya rubuta wa Robert von Bahr, shugaban BIS, ya amsa laifi, amma da irin nasa bayanin. Wai matarsa tana nishin ciwo yayin ɗaukar sauti, sai ya fara yanko gutsure daga faya-fayan wasu yana toshe wuraren, gutsuren suka yi ta girma. Wai don so ya yi, kuma ita ba ta sani ba. Zanen sautin bai goyi bayansa ba, domin abin da aka samu kaɗe-kaɗe ne cikakku na wasu mutane daga farko har ƙarshe. Tarihinsa ma bai taimake shi ba: ya daɗe a harkar faya-fayai masu araha da ake liƙa wa sunayen bogi, kuma a 1966 kotu ta ɗaure shi shekara ɗaya kan kauce wa haraji. Ko labarin ciwon ya sami tangarɗa, don likitan da ya duba ta ya ce a 1992 aka fara yi mata maganin ciwon daji, shekara 16 bayan ta bar dandali. Von Bahr bai kai ƙara ba, 'yan sanda kuma suka ce ba za su taɓa maganar ba sai mai haƙƙi ya kawo kuka. Ba wanda ya kai.

Joyce Hatto makaɗiya ce ta gaske, kada a manta. A 1970 ta ɗauki wani dogon kiɗa na Arnold Bax tare da jagora Vernon Handley, kuma wannan nata ne ba tantama. Saura tambayar ko ta san abin da ake yi da sunanta. Ta yi hira da 'yan jarida a kan faya-fayan, ta karɓi yabo, ta yi maganar Köhler kamar abokin aiki. Makaɗi na iya kasa gane gutsuren daƙiƙa uku da aka cusa a kiɗansa, amma ba zai manta cewa bai taɓa zama a gaban makaɗa saba'in ya kaɗa Brahms ba. A ganina ta sani. BBC ta mai da labarin fim a 2012, daga alƙalamin Victoria Wood, wadda ta tausaya wa ma'auratan fiye da yadda waɗanda aka sace wa aiki za su so. Mijin ya rasu a 2014 yana kan bakansa cewa shi kaɗai ya yi.