Yadda Mata Suka Shiga Gadin Dajin Virunga

A shekarar 1925, zamanin da ƙasar Kwango take ƙarƙashin mulkin Beljiyam, hukuma ta keɓe dajin da ke kan duwatsun gabashinta, ta sa masa sunan Sarki Albert, domin a kiyaye goggon birin dutse, wata halitta mai natsuwa da kawaici wadda, duk faɗin duniya, ba a samun ta sai a tsaunukan Kwango da Ruwanda da Yuganda. Dajin nan shi ne ya koma Virunga a 1969, kuma kusan shekara casa'in gadinsa yana hannun maza zalla.

Abin lura shi ne, ba a lokacin lumana ƙofar ta buɗe wa mata ba. Tun daga fitinar Ruwanda ta 1994 dajin ya zama mafakar 'yan tawaye da mafarauta da masu toya gawayin da birnin Goma yake girki da shi, har ta kai a 2007 aka wayi gari an harbe birai da dama na zuriya guda. Masu gadin da suka gamu da ajalinsu a bakin aiki kuwa sun haura 200. Cikin wannan hali ne, a 2014, mata suka fara cin jarrabawar shiga, wadda ba a sassauta musu kome a cikinta ba, alhali kuwa maza majiya ƙarfi da yawa sun sha faɗuwa.

Wanda ya san aikin ya san nauyin amanar. Mace za ta saɓi bindiga tun asuba, ta kutsa cikin gora da ƙaiƙayi, ga hazo, ga sanyin dutse, tana bin sawu har shimfiɗar ganyen da birai suka kwana a kai, tana kwance tarkon waya da aka ɗana wa gada, wanda in ya cafke hannun ɗan biri sai ya ci nama har ƙashi.

A watan Mayu na 2018 aka kashe ɗaya daga cikin matan masu gadin, Rachel Masika Baraka, tana da shekara 25, sa'ad da take rakiyar baƙi. A shekarar ne kuma ƙidaya ta tabbatar biran, waɗanda a da ake fargabar ƙarewarsu, sun zarce 1,000 a duk faɗin duniya, kuma a ganina ba adalci ba ne a ambaci wannan adadi a manta da ita da 'yan'uwanta.