Sunan ɗiya mace wanda bai yi yawa ba: yadda ake zaɓa ta harafi da ma'ana

A unguwannin Hausawa na Briqueterie a Yawunde, da New Bell a Duwala, da zangon Kumasi, da Lome, da Injamena, ajin makaranta ɗaya kan tara A'isha huɗu da Fatima uku. Shi ya sa iyaye da yawa ke neman suna mai daɗi wanda bai cika gari ba, wasu kuma suna son duk 'ya'yan gida su fara da harafi ɗaya. Abin lura shi ne sunan da liman ya raɗa ranar bakwai, aka yanka rago a kansa, shi zai hau takardar haihuwa, da takardun jarrabawa, da fasfo. Don haka kafin a tsai da shawara a tabbatar da abu uku: ma'anar sunan, yadda za a rubuta shi a ƙasar da ake zaune, da yardar dangi.

Harafin farko na canzawa daga rubutu zuwa rubutu

Harafin da suna ya fara da shi a bokon Hausa ba lallai ne ya tsaya haka a ofishin magajin gari ba. A ƙasashen da ke aiki da Faransanci, Umaima kan koma Oumaïma, Jamila ta koma Djamila, Shamsiyya ta koma Chamsiya, Wasila kuma Ouassila. Khadija ɗaya ce, amma ana ganin Hadiza da Kadidja da Khadidja. Haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, da ɗaurin da ke cikin Asma'u, galibi ɓacewa suke yi a rajista. A Gana rubutun ya fi bin tsarin Ingilishi, a Sudan da wasu takardun Chadi kuma Larabci ne, inda harafin A na boko zai iya zama alif ko aini, S kuma ya zama sinun ko sadi.

Wannan bambanci yana taɓa ma'ana. Asiya da alif da sinun sunan matar Fir'auna ce, wadda Alƙur'ani ya buga misali da imaninta. Asiya da aini da sadi kuwa tana nufin mai saɓo, kuma ya tabbata cewa Annabi (SAW) ya canza wa mai wannan suna zuwa Jamila. A boko duka biyun rubutunsu ɗaya.

Sunaye bisa harafi

A. Arwa: gwaggon Annabi (SAW), 'yar Abdulmuɗɗalibi, kalmar na nufin awakin dutse, waɗanda Larabawa ke yaba kyansu. Afra'u: fara mai launin ƙasa, ana siffanta barewa da shi. Cikin na Hausa akwai Azumi, wadda aka haifa a watan Ramadan, da Auta, da Alheri.

B. Barira: baiwar da Nana A'isha ta 'yanta. Baraka: ainihin sunan Ummu Aimana, wadda ta reni Annabi (SAW). Bushra: albishir. Basma: murmushi. Balaraba: haihuwar Laraba.

D. Durra: lu'ulu'u, sunan wata sahabiya ce. Daurama: sarauniyar Daura a tarihin Bayajida. Delu ko Dela: macen da ta biyo bayan maza.

H. Haula, da wasu ke rubutawa Khaula: barewa. Ita ce matar da ta kai ƙarar mijinta, aka saukar da farkon Suratul Mujadala a kanta. Hansa'u: laƙabin fitacciyar mawaƙiyar Larabawa wadda ainihin sunanta Tumadir. Hannatu: mahaifiyar Maryam.

J. Juwairiyya: ɗaya daga matan Annabi (SAW). Sunanta na farko Barra, shi ya canza mata. Jumana: ƙwayar lu'ulu'u ko ta azurfa. Jummai: haihuwar Juma'a.

K. Kausar: ƙorama a Aljanna. Kande: daidai da Delu. Kyauta: ma'anarsa a fili take.

L. Lubaba: tsantsar abu, sunan Ummul Fadli matar Abbas. Lina: itaciyar dabino, kalmar ta zo a Suratul Hashri. Lami da Ladi: haihuwar Alhamis da ta Lahadi.

M. Marwa: dutsen da ake sa'ayi tsakaninsa da Safa. Marka: wadda aka haifa a tsakiyar damina, lokacin ruwa ba ƙaƙƙautawa. Murna da Magajiya su ma na gida ne.

N. Nusaiba: mai asali, Ummu Ammara da ta tsaya a yaƙin Uhudu. Nafisa: mai daraja, sunan malamar nan jikar gidan Annabi da kabarinta ke Alƙahira.

R. Rufaida: daga kalmar taimako, ita ce ta kafa tanti tana jinyar waɗanda suka ji rauni a Madina. Rumaisa'u: Ummu Sulaim, mahaifiyar Anas ɗan Malik. Raihana: tsiro mai ƙamshi. Ramla: rairayi, sunan Ummu Habiba. Rifkatu da Rahila sun fi yawa a gidajen Hausawa Kirista.

S. Sahla: mai sauƙin hali. Sukaina: daga natsuwa, 'yar Husaini ɗan Aliyu. Shifa'u: waraka, sahabiyar da ta koya wa Hafsa rubutu. Shaima'u: mai tawadar Allah, 'yar Halimatus Sa'adiyya. A tuna waɗannan biyun za su koma harafin C a rubutun Faransanci.

T. Tasnim: marmaro a Aljanna. Tasalla: wadda aka haifa ranar salla. Talatu: haihuwar Talata.

U. Umama: jikar Annabi (SAW) ta wajen Zainab, wadda yake ɗauka yana salla. Umaima: 'yar ƙaramar uwa.

W, Y, Z. Wafa'u: cika alkawari. Warda: fure. Yusra: sauƙi. Yasmin: fure ne, asalin kalmar Farisanci. Zubaida: matar Haruna Rashid, wadda ta gina rijiyoyi a hanyar alhazai daga Kufa zuwa Makka. Zariya: ƙanwar Sarauniya Amina a tarihin Zazzau.

Sunayen gida sun zama baƙi

Sunan da ya fi ƙaranci a rajistar yaran yau sau da yawa na kakanni ne. Tasalla da Marka da Delu da Azumi sun yi wuyar ji a cikin 'yan firamare, alhali kowanne yana faɗin rana ko yanayin da aka haifi yarinyar. Ga wanda ke zaune nesa da ƙasar Hausa, irin wannan suna shaida ce ta asali, kuma ba ya wahalar da bakin maƙwabta. A al'ada waɗannan laƙabi ne da ke biyo bayan sunan yanka, don haka ana iya haɗa biyun a takarda, misali Nusaiba Tasalla. Sai dai kowane yana da sharaɗinsa. Gambo ta bayan tagwaye ce, Talle marainiya ce, Ajuji kuma na gidan da ake wabi ne. Sa su ba bisa dalili ba zai jawo tambaya daga tsofaffi.

Sauka daga layin da aka saba ba sabon abu ba ne. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, tagwaye ce da Hassan, amma mahaifinta bai sa mata Hassana ko Husaina ba.

Inda ake yin kuskure

Na farko, ɗaukar kalma daga Alƙur'ani don daɗin sautinta kawai. Hawiya na nufin ramin wuta, Gashiya suna ne na ranar alƙiyama, Hamiya kuma siffar wuta ce mai tsananin zafi. Duk sunan Larabci da aka ji, a kai shi wurin malamin da ya san nahawu ya rubuta shi da harafin Larabci, ya faɗi tushensa.

Na biyu, yarda da jerin sunayen intanet. Shafuka da yawa suna kwafar juna, kuma kusan kowane suna sai a ce ma'anarsa «kyakkyawa» ko «furen Aljanna». Haka sunayen finafinan Indiya da na Turkiyya: wasu sunayen alloli ne a addinin Hindu, kamar Lakshmi da Durga.

Na uku, mantawa da harsunan maƙwabta. Yarinyar za ta yi wasa da Fulani da Larabawan Shuwa da masu jin Tuwi ko Faransanci. Nana girmamawa ce a Hausa, sarauta ce a wurin Asante, a Faransancin titi kuwa kalmar kiran budurwa ce. A gwada sunan a bakin maƙwabci kafin ranar suna.

Haƙƙin dangi

A gidaje da yawa 'yar fari ta kaka ce, ko ta wajen uba ko ta wajen uwa. Tsallake wannan kan bar ɓacin rai na shekaru. Al'ada ta riga ta ba da mafita ta hanyar alkunya: a raɗa sunan kaka, a riƙa kiran yarinyar da wani, kamar Ummi ko Walida. Iyayen da ke son suna na daban za su iya sa shi a wannan gurbi. Idan ana so ya zama na hukuma, a rubuta shi tun farko tare da na yanka, domin laƙabin da ba ya kan takarda ba zai hau fasfo ba.

Kafin a je rajista

A rubuta sunan da manyan haruffa a takarda, a miƙa wa ma'aikacin asibiti ko na magajin gari, kada a tsaya ga faɗa da baki. A karanta takardar haihuwar harafi bayan harafi kafin a bar ofis. Rubutun da ya hau kanta shi za a bi a makaranta, da katin ɗan ƙasa, da bizar aikin hajji, ko da ya saɓa wa yadda ake rubutawa a Kano ko Damagaram. Kowace ƙasa tana da wa'adin yin rajista. Wanda ya bari ya wuce, a ƙasashen Faransanci sai ya nemi hukuncin kotu da ake kira jugement supplétif, gyaran harafi ɗaya ma yakan bi ta kotu, da kuɗi da zirga-zirga. Iyalan da ke da 'ya'ya a ƙasashe biyu su daidaita rubutun sunan uba a duk takardun, domin Ousmane da Usman mutum biyu ne a idon jami'in kan iyaka.