Gwagwarmayar ɗalibai da wariyar launin fata a Zariya da Kaduna

Tarihin gwagwarmayar ɗaliban jihar Kaduna kan wariyar launin fata a warwatse yake, a tsofaffin jaridu da takardun ƙungiyoyi. Cibiyarsa ita ce Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, wadda aka buɗe a 1962.

Abin ya kankama ne bayan kisan 'yan makaranta a Soweto ranar 16 ga Yuni 1976. A shekarar Najeriya ta kafa asusun agaji ga Kudancin Afirka, ma'aikata da ɗalibai suka riƙa zuba kuɗi a ciki. A Samaru, ƙungiyar matasa masu goyon bayan Kudancin Afirka, YUSSA, ta riƙa shirya lacca da jerin gwano. Patrick Wilmot, haifaffen Jamaika mai koyar da ilimin zamantakewa, ya fitar da littafi kan mulkin wariya a 1980, kuma shi da Yusufu Bala Usman na sashen tarihi sun koya wa ɗalibai kallon gwamnatin wariya ta Firitoriya da kamfanonin Turai da gwamnatin soja ta Legas a matsayin dangi ɗaya. Wannan ne ya sa zancen bai tsaya a ƙetare ba.

A Afrilu 1978 jami'an tsaro suka harbe ɗalibai a Samaru lokacin zanga-zangar ƙarin kuɗin abinci da masauki, wadda aka laƙaba wa sunan kwamishinan ilimi Ahmadu Ali. Gwamnati ta soke ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, NUNS, NANS ta gaje ta a 1980. Jerin gwanon tuna waɗannan mamata a 1986 ya ratsa ta ɗakin kwanan mata na Amina, hukumar jami'a a ƙarƙashin Ango Abdullahi ta hukunta shugabannin ɗalibai, rikici ya ɓarke, 'yan sanda suka buɗe wuta ranar 23 ga Mayu. Hukuma ta ce mutum 4 suka mutu. Ɗalibai sun ce sun fi haka nesa, kuma lissafin wanda ya yi harbi ba abin dogaro ba ne. A 1988 gwamnatin Babangida ta tusa ƙeyar Wilmot zuwa Landan.

Kafin nan ƙasa ta riga ta tsage. A Maris 1987 taƙaddama tsakanin ɗalibai Musulmi da Kirista a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ta zama tarzoma, ta bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina. Bala Usman ya fitar da littafi a shekarar kan yadda manya ke wasa da addini don biyan buƙatunsu. Daga nan ƙungiyoyin addini da na 'yan gari ɗaya suka fara rinjayar ƙungiyoyin aƙida a makarantu.

Rikicin Shari'a na Fabrairu 2000 da na gasar sarauniyar kyau a Nuwamba 2002 suka raba birnin Kaduna. Kiristoci da yawa suka ƙetara kogi zuwa Sabon Tasha da Narayi da Television da Unguwar Romi, Musulmi suka tattaru a Rigasa da Tudun Wada da Kawo, har ana ce wa ɓangarorin Kudus da Makka. Ɗaliban Kaduna Polytechnic masu karatu a reshen Barnawa suna haye gada kullum, amma muhawarar ɗan ƙasa da baƙo, da ta wanda za a ba haya a wace unguwa, ta fi yawa a tarukan sulhu na malamai da fastoci fiye da zauren ƙungiyar ɗalibai.