Furotin da Insulin: Dalilin da Ya Sa Wasu Magunguna Ba Sa Son Zafi

Mai karatu, ka taɓa lura da abin da ke faruwa idan aka fasa ƙwai a kasko mai zafi? Farin ƙwan, wanda dā ruwa ne garai-garai, sai ya daskare ya yi fari fat. Ko ka bar shi ya huce har gobe, ba zai koma yadda yake ba. Abin da wuta ta sauya a cikin ƙwan shi ake kira furotin, wato sinadarin gina jiki. Shi ne a cikin kifin Komadugu, da wake, da nono, da nama. Da shi kuma aka gina tsokarka da gashinka da jan da ke cikin jininka.

Yadda furotin yake

Masana sun gano cewa kowane furotin jeri ne na wasu ƙananan sinadarai masu suna amino asid, waɗanda iri 20 ne. Kai da kake koyon karatu za ka fi kowa saurin gane wannan. Haruffan "rami" da na "mari" ɗaya ne, jerinsu ne ya bambanta, ma'ana kuma ta bambanta. Haka amino asid suke. Idan jerin gajere ne, ana kiransa peptayid; idan dogo ne, furotin. Bayan an jera shi, sai ya naɗe kansa ya ɗauki wata siffa tasa ta musamman, kuma da wannan siffa yake aiki, kamar yadda mabuɗi ba ya buɗe kwaɗo sai haƙoransa sun dace.

Kuskuren harafi ɗaya ya isa ya jawo ciwo. Furotin da ke ɗaukar iska a cikin jini yana da wani jeri mai amino asid 146. A jikin mai ciwon sikila, na shida kaɗai ne ya sauya, amma wannan ya isa ya sa ƙwayoyin jini su lanƙwashe kamar lauje. Wani masani mai suna Vernon Ingram ne ya nuna haka a Ingila cikin shekarun 1950.

Insulin

Insulin ƙaramin furotin ne mai amino asid 51. Wani sashe da ke bayan tumbi ne ke yin sa, aikinsa kuwa shi ne ya buɗe wa sukarin da ke cikin jini hanya ya shiga tsoka ya zama ƙarfi. Idan jiki ya daina yin sa, ko ya daina jin sa, sai sukari ya taru a jini. Wannan shi ne ciwon sukari. Alamunsa su ne yawan fitsari, da ƙishirwa marar yankewa, da rama, da kasala.

An fara tace insulin a birnin Toronto na ƙasar Kanada a 1921, aka kuma fara yi wa wani yaro allurarsa a watan Janairu na 1922. Kafin nan, yaron da ya kamu da mai tsananin ba ya daɗewa a duniya. A 1955 Frederick Sanger ya gama karanta jerinsa, a 1969 kuma Dorothy Hodgkin ta gano siffarsa. Dā daga jikin dabbobi ake samo shi, amma tun 1982 ake sayar da irin na ɗan Adam wanda aka haɗa a masana'anta.

Ba kowane mai ciwon sukari ne ke buƙatarsa ba. Wasu ƙwayoyi da kula da abinci sun ishe su. Likita ne ke tantancewa. Wanda aka ɗora a kansa kuwa, allura ake yi masa, domin idan aka haɗiye shi ciki zai narkar da shi kamar yadda yake narkar da nama.

Ajiya a ƙasar zafi

A nan ne maganar ƙwai ta dawo. A Tumur da Diffa zafin Afrilu da Mayu yakan wuce digiri 40, gidaje da yawa kuma ba su da firji. Zafi yana lalata siffar insulin, kuma sau da yawa ido ba ya ganin ɓarnar. Mutum zai yi ta yin allura, sukarinsa na hawa, yana zargin kansa ko likita, alhali maganin ne ya mutu.

Kwalbar da ba a buɗe ba tana son sanyin firji, tsakanin digiri 2 da 8, amma kada ta yi ƙanƙara, domin daskarewa ma tana lalata ta. Wadda aka buɗe takan yi mako huɗu ba firji. A 2021 ƙungiyar likitoci ta MSF da Jami'ar Jeneba suka fitar da sakamakon wani gwaji da suka yi bisa yanayin sansanin ƴan gudun hijira na Dagahaley a Kenya, inda zafin ɗaki ke kai da komo tsakanin digiri 25 da 37. Sun tarar insulin ya riƙe ƙarfinsa tsawon mako huɗu. Albishir ne ga mutanenmu, musamman waɗanda suka baro garuruwansu, sai dai a tuna cewa ɗakin kwano a bazararmu yakan wuce 37.

Saboda haka ka sa kwalbar a cikin ƙaramin gwangwani mai murfi, ka ajiye shi a cikin jiƙaƙƙen yashi a tukunyar ƙasa, ka rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a inuwa inda iska ke ratsawa. Kada ka tsoma kwalbar kanta cikin ruwan randa. Ka rubuta ranar da ka buɗe ta. Ga amfanin aji ya zo. Idan ka karɓo daga asibitin Diffa, kada ka sa ta a aljihun babur ko gaban mota, ka naɗe ta cikin jiƙaƙƙen zane.

Insulin iri biyu aka fi gani: mai kama da ruwa, da mai kama da madara. Idan na farkon ya yi duhu-duhu, ko na biyun ya yi gudaji wanda murzawa a tafin hannu ba ta warware shi ba, ka kai kwalbar gidan likita a ranar a sauya maka. Kada ka dakatar da allura da kanka, kada kuma ka ƙara yawanta ba da izinin ma'aikacin lafiya ba.