Baƙin Littafin Launuka: Na Makaho Ne Ko Na Mai Gani?

Tun daga shekarar 2007, lokacin da Baƙin Littafin Launuka na Menena Cottin da Rosana Faría, mutanen Benezuwela, ya ci lambar yabo a bajekolin littattafan yara na Bolonya, wani ra'ayi ya yi rinjaye a tsakanin masu sharhi har ya kusa zama ijma'i, wato cewa littafin ya tara yaro makaho da yaro mai gani a kan shafi guda, kowa na ɗiba daidai da ɗan'uwansa. Siffarsa sananniya ce ga ma'abota wannan fanni: shafuka baƙaƙe ƙirin, zane-zane masu tudu-tudu waɗanda su ma baƙaƙe ne, da labarin wani yaro da ke riskar launuka ta hanyar ɗanɗano da ƙamshi da sauti, sannan ga rubutun makafi na Braille a saman rubutun boko. Ba na musun kyawun aikin, amma ina ganin wancan hukunci bai inganta ba, kuma ɓarnar da ke cikinsa tana faɗawa ne a kan wanda aka ce don shi aka yi.

Mas'alar rubutun ba ta buƙatar dogon bayani, domin ɗigogin ba su taso yadda yatsan makaho zai karanta su cikin sauƙi ba. Inda saɓani na haƙiƙa yake shi ne zanen. Layin da ke kewaye siffar abu al'ada ce ta ido, saboda ido ne ke hango tsuntsu daga nesa ya tattara shi a kallo ɗaya, alhali hannu yana bi ne daki-daki, yana neman nauyi da ɗumi da laushi da kaushi, waɗanda babu ko ɗaya daga cikinsu a layin da aka ɗaga bisa takarda. Klatzky da Lederman da Metzger sun nuna a 1985 cewa mutanen da aka ɗaure wa idanu sun gane kusan dukkan kayan amfanin yau da kullum 100 da aka miƙa musu, galibi cikin daƙiƙoƙi kaɗan. Amma da Lederman da abokan aikinta suka jarraba zane mai tudu a 1990, abin da aka gane bai wuce wajen sulusi ba, waɗanda aka haifa da makanta kuwa sun fi kowa shan wuya.

Mafi ƙarfin hujjar da za a ja ni da ita ta John Kennedy ce, malamin jami'ar Toronto, wanda a littafinsa na 1993 ya tafi a kan cewa layi ba mallakin ido kaɗai ba ne, tunda gefen tebur da bakin ƙwarya iyakoki ne da hannu ma ke tararwa, don haka makaho na iya fahimtar layi a matsayin wakilin iyaka. Ya kuma yi nazarin Eşref Armağan, Baturken nan da bai taɓa gani ba, wanda duk da haka yake zana gini da nisa da kusa yadda masu ido ke gane abin da ya nufa. Wannan hujja ce mai nauyi, kuma wajibi ne in taƙaita da'awata saboda ita: ba zan ce zane mai tudu rufaffe ne ga makaho ba. Sai dai ƙiyasin yana da rauni ta fuska biyu. Wanda ya zana da hannunsa ya riga ya san abin da yake nufi, shi kuwa mai karatu lalube yake yi a cikin nufin wani. Haka nan balagaggen da ya share shekaru yana gwaji ba a auna shi da yaro ɗan shekara biyar da aka ajiye wa littafi a cinya. Abin da dalili ya yarje mu faɗa shi ne cewa karanta irin wannan zane ilimi ne da ake koyarwa, kuma littafin da bai koyar da shi ba ya bar yaro makaho a bakin ƙofa.

Ga alama a littafin Cottin mai gani ne ainihin wanda ake yi wa magana, shi ake so ya rufe ido ya shafa, ya ɗauka ya ɗanɗani makanta, alhali abin da ya ɗanɗana ruɗewar minti guda ce, wadda babu abin da ya haɗa ta da ƙwarewar yaron da ya san gidansu lungu-lungu ta amon sawunsa. Ina tsoron kada tausayi ya zama shi ne kaɗai ribar darasin.

Hanyar da ta fi kusa da daidai an daɗe da buɗe ta. Virginia Allen Jensen ta fitar da littafi a Danmak a 1977 wanda taurarinsa siffofi ne da ake bambancewa da kaushi da santsi, ba su kwaikwayi komai na ido ba. Kuma maɗaba'ar da Philippe Claudet ya kafa a yankin Dijon na Faransa a 1994 tana manna ƙyalle da fata da katako a shafi, domin hannu ya tarar da abin da ya saba da shi. Littattafai irin na Claudet suna da tsada, da hannu ake harhaɗa su, kuma kwafe kaɗan ake bugawa, wanda la'alla shi ne sababin da ya sa sunansu bai kai inda na Cottin ya kai ba.