Bindigar gasar harbi mai tsada: Shin ta cancanci kuɗinta ga mai sayen farko?

A ranar 30 ga Yulin 2024, a filin harbi na Châteauroux da ke Faransa, Yusuf Dikeç ɗan ƙasar Turkiyya da abokiyar wasansa Şevval İlayda Tarhan suka ci lambar azurfa a gasar Olamfik ta harbi da ƙaramar bindiga mai aiki da iska daga nisan mita 10, bayan 'yan Sabiya sun doke su da maki 16 da 14. Hoton Dikeç, mai shekara 51, ya mamaye intanet: riga mai gajeren hannu, tabarau irin na kowa, hannu ɗaya a aljihu. Matasa da dama sun ɗauki darasin cewa gwani ba ya buƙatar kayan tsada. Abin da hoton bai faɗa ba shi ne bindigar da ke ɗaya hannun nasa ajinta ɗaya da ta sauran 'yan gasar, kuma wannan ce Olamfik ɗinsa ta biyar tun daga ta Beijin a 2008.

Tambayar da duk mai sha'awar shiga wasan yake cin karo da ita ke nan tun a ƙofa. Bindigogin da zakaru ke riƙewa, na kamfanonin Steyr na Ostiriya, Morini na Suwizalan, Pardini na Italiya, da Walther da Feinwerkbau na Jamus, ana sayar da sabuwarsu a wajajen Yuro 2,000. Akwai kuma na masu koyo, irin su Hämmerli AP20, da ba su wuce kimanin rabin wannan kuɗi ba, da IZH-46M ta Rasha wadda ake ɗura mata iska da hannu kafin kowane harbi. Me ragowar kuɗin ke saya, kuma wa yake yi wa amfani?

Abin da doka ta riga ta daidaita

Hukumar wasan harbi ta duniya, ISSF, mai hedikwata a birnin Munich, ta ƙayyade siffar bindigar mita 10 ta yadda mai arha da mai tsada ba za su yi nisa da juna ba. Faɗin bututu milimita 4.5 ne. Nauyin bindiga kada ya wuce giram 1,500. Kunama kada ta tashi da matsin da bai kai giram 500 ba, kuma alƙalai suna gwada hakan da awo. Dole bindigar ta shiga akwatin gwaji mai tsawon milimita 420, faɗin 200, kaurin 50. Ba a yarda da madubin hangen nesa ba, sai saitin ƙarfe na gaba da na baya. Ana harbi a tsaye, da hannu ɗaya, ba tare da jingina da komai ba.

A zagayen share fage ana harbi 60 cikin minti 75, maki mafi yawa 600. Da'irar maki 10 faɗinta milimita 11.5 ne kacal, ba ta kai maɓallin riga babba ba. Har yau babu wanda ya cike 600 ɗin a gasar da hukumar ta amince da ita. Bajintar maza ta duniya ita ce 594, wadda Jin Jong-oh na Koriya ta Kudu ya kafa a 2009.

Lissafin da ya kamata mai saye ya yi kafin ya buɗe jaka

Idan aka ɗaure bindigar gasa a jikin ƙarfen matsewa irin na makanikai, aka cire hannun mutum daga lamarin, harbi goma a jere sukan bi ta rami ɗaya wanda bai fi faɗin ƙwayar dalmar da yawa ba. Mai tsada tana yin haka. Ta masu koyo mai kyau ma tana zuba ƙwayoyinta cikin da'irar 10. Tazarar da ke tsakaninsu a wannan gwaji ba ta wuce milimita ɗaya ko biyu ba.

Yanzu a mayar da bindigar hannun mutum. Tsakanin saitin baya da na gaba akwai kimanin milimita 350, tsakanin mai harbi da takardar kuma milimita 10,000. Ke nan duk kuskuren da aka yi wajen daidaita saitin biyu yana ninkuwa kusan sau 29 kafin ya isa takardar. Idan saitin gaba ya kauce da milimita ɗaya tak, ƙwayar za ta sauka kusan milimita 29 daga tsakiya, kuma da yake kowace da'ira tana da kaurin milimita 8, harbin da ya kamata ya zama 10 ya koma 7. Sabon mai harbi yana yin kuskuren da ya fi haka sau da yawa a cikin minti ɗaya: kafaɗa na rawa, wuyan hannu na saki, yatsa na fizgar kunama maimakon matsa ta a hankali, ido na gudu daga saiti zuwa takarda. Duk wannan ba abin da Yuro 1,000 na ƙari zai taɓa. Wanda ƙwayoyinsa ke warwatse daga da'irar 6 zuwa ta 9 ba zai iya gane bambancin milimita ɗaya ba, ko da an nuna masa a takarda.

Wannan lissafi shi ne ginshiƙin amsar, kuma masu tallar kaya ba sa son tsayawa a kansa.

Inda kuɗin yake tafiya

Duk da haka, zalunci ne a ce tsadar yaudara ce. Kamfanonin nan ƙanana ne, kasuwarsu ƙarama, kuma suna ƙera abin da zai yi harbi dubbai ba tare da ya canza hali ba. Abu na farko da mai saye ke biya shi ne kunama. A bindiga mai tsada ana iya raba giram 500 ɗin nan gida biyu yadda ake so, a matsar da kunamar gaba ko baya ko gefe har ta zauna daidai a kan yatsa, a kuma ƙayyade inda za ta tsaya bayan harbi. Wasu samfura, kamar Morini CM 162EI, kunamarsu ta lantarki ce mai aiki da batir, ba ta da gogayyar ƙarfe da ƙarfe da za ta sa jan yau ya bambanta da na gobe.

Na biyu mariƙi. Ana sassaƙa shi da katako bisa siffar tafin hannu, akwai na dama da na hagu, akwai ƙanana da manya, kuma ana iya karkata shi ta fuskoki da dama har saitin ya miƙe da kansa idan aka ɗaga hannu. Na uku na'urar da ke shanye ɗan motsin da bindiga ke yi lokacin da ƙwaya ta fita, irin wadda Steyr ta yi suna da ita a samfurin LP10, don bakin bindigar ya tsaya cak mai harbi ya ga inda harbinsa ya tafi.

Matsalar ita ce dukkan waɗannan gyare-gyare suna buƙatar wanda ya riga ya san hannunsa. Mai koyo bai da tsayayyen riƙo tukuna, riƙonsa na wannan mako daban yake da na makon jiya. Idan aka ba shi bindiga mai kusoshin gyara goma sha wani abu, abin da yakan faru shi ne duk ranar da maki ya faɗi sai ya ɗauko sukundireba, ya juya wannan ya juya wancan, har ya kasa sanin ko hannunsa ne ya canza ko bindigar. Masu horarwa sun san wannan cuta.

Tsada kuma ba kariya ba ce daga lalacewa. A Olamfik ta Tokyo, cikin Yulin 2021, bindigar Manu Bhaker ta Indiya ta samu matsala ana tsakiyar zagayen share fage. Gyaran ya cinye mata mintuna masu yawa, ta gama da maki 575 a matsayi na 12, ba ta shiga zagayen ƙarshe ba. Bayan shekara uku, a Faransa, ta ci lambobin tagulla biyu. Ga ɗan wasan da ke zaune nesa da Turai, tambayar wa zai gyara bindigar da kuma daga ina kayan gyara za su zo ta fi tambayar sunan kamfani nauyi, musamman idan kunamar ta lantarki ce.

Akwai kuma kuɗin da ba ya cikin farashin akwati. Silindar iska ana cika ta zuwa matsin ba 200 a yawancin samfura, don haka sai an sayi famfo na musamman ko babbar tukunyar iska irin ta masu nutso. Dokar ISSF ba ta yarda a shiga gasa da silindar da ta wuce shekara 10 da ƙerawa ba, abin da mai sayen tsohuwar bindiga ya kamata ya duba kafin ya biya. Sai ƙwayoyin dalma, da ake sayarwa 500 a gwangwani, da kuɗin kulob, da na mai horarwa. Wanda ya zuba duk abin da yake da shi a bindiga ya bar waɗannan, ya sayi doki ne bai da kuɗin harawa.

Hujja ɗaya mai ƙarfi tana goyon bayan sayen mai tsada tun farko: ba ta zubar da daraja da sauri. Siffar waɗannan bindigogi ba ta canzawa sosai daga shekara zuwa shekara, kuma wadda aka kula da ita tana samun mai saye a kulob. Sai dai hujjar tana yanka ta gefe biyu. Idan tsohuwar Steyr ko Walther tana harbi kamar sabuwa, to mai sayen farko da ya tabbatar zai daɗe a wasan gara ya nemi tsohuwar, ya canza mata silinda da robobin toshe iska.

A Amurka muhawarar ta fi karkata ga bindigogi masu harsashin .22 da ake harbi da su daga nesa kaɗan. Can ana auna Ruger Mark IV ko Browning Buck Mark da Smith & Wesson Model 41, wadda ta fito a 1957 kuma farashinta kan kai ninki uku nasu. Tarihin ma ya faɗi wani abu: kakar Mark IV, wato Ruger Standard, ta shiga kasuwa a 1949 a kan dala 37.50, kuma arharta ce ta buɗe wa talakawan Amurka ƙofar wasan. Lissafin hannu da saiti bai canza ba don an canza harsashi.

Kafin kuɗi, lasisi

A ƙasashe da yawa doka ce ke fara yanke hukunci. A Jamus duk wanda ya kai shekara 18 zai iya sayen bindigar iska da ƙarfinta bai wuce jul 7.5 ba, amma mai son ta harsashi sai ya yi wata 12 yana harbi a kulob, ya kuma ci jarrabawar sanin makami. Tsarin ya tilasta wa mai koyo abin da hankali ma zai ba shi shawara: ya shekara da bindigar aro ta kulob kafin ya san abin da hannunsa ke so. A Birtaniya, bayan kisan yara 'yan makaranta a Dunblane a 1996, dokokin 1997 sun haramta ƙananan bindigogi masu harsashi har da na .22, lamarin da ya sa 'yan wasan ƙasar suka riƙa fita waje don atisaye.

A Najeriya, Dokar Makamai ta 1959 ta sanya fistol da libarba cikin jerin haramtattun makamai, waɗanda ba a mallaka sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Bindigar iska, doguwa ko ƙarama, tana rukuni na biyu tare da bindigar farauta, kuma lasisinta yana hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Ke nan matashin da ya ga hoton Dikeç ya shiga shafin wani kanti a Turai da niyyar yin oda, yana iya jefa kansa cikin laifi tun kayan ba su bar hannun kwastan ba. Ya kamata kuma a raba wannan magana da muhawarar kare kai da ta taso a Yunin 2022, lokacin da Gwamna Bello Matawalle ya nemi mutanen Zamfara su mallaki bindiga. Bindigar mita 10 ƙwaya ɗaya take ɗauka, mai nauyin kusan rabin giram, kuma an ƙera kan ƙwayar a shafe ne don ta huda takarda da rami mai tsabta wanda alƙali zai iya aunawa.