Ernest Tubb

Ernest Dale Tubb (9 ga Fabrairu, 1914 – 6 ga Satumba, 1984) mawaƙi ne kuma marubucin waƙoƙi ɗan ƙasar Amurka, wanda ake yi wa laƙabi da Texas Troubadour. Yana cikin waɗanda suka kafa salon honky-tonk, wani reshe na kiɗan country da ya samo sunansa daga ƙananan mashayu da gidajen rawa na jihar Texas da kewayenta, inda leburori ke taruwa bayan an tashi daga aiki.

Farkon rayuwa

An haife shi a wata gonar auduga kusa da ƙauyen Crisp a jihar Texas. Tun yana matashi ya kamu da son waƙoƙin Jimmie Rodgers, har ya riƙa kwaikwayon muryarsa. A shekarar 1936 ya nemi Carrie Rodgers, matar marigayi Jimmie, ita kuma ta taimaka masa ya samu kwantiragi da kamfanin RCA. Faya-fayan da ya yi a can ba su yi kasuwa ba.

Sana'a

A 1939 aka yi masa tiyata a maƙogwaro, daga nan ya daina iya karya murya irin ta Rodgers, wato salon da ake kira yodel. Abin da ya zo kamar asara shi ya buɗe masa hanya, domin dole ta sa ya bar kwaikwayo ya koma rubuta waƙoƙin da suka dace da tasa muryar mai kauri. Ya koma kamfanin Decca a 1940, kuma a 1941 ya fitar da "Walking the Floor Over You", wadda ta fito da sunansa a duk faɗin ƙasar.

Gitar lantarkin da ke cikin wannan waƙa tana da dalili. A mashayun ana kunna faya-fayai ne a akwatin kiɗa da ake jefa wa kwabo, kuma da dare ya yi hayaniyar mutane kan danne sautin gitar gargajiya. Masu akwatunan sun koka cewa ba a jin faya-fayansa, sai ya shigo da ta lantarki. Muryarsa ba ta cika zama daidai a kan kiɗa ba, shi da kansa ma yakan yi raha da haka, amma masu sauraro sun ji kamar ɗaya daga cikinsu ne ke waƙar.

A 1943 ya shiga shirin Grand Ole Opry na birnin Nashville. A 1947 ya jagoranci wasan country a zauren Carnegie Hall da ke New York, kuma a shekarar ce ya buɗe shagon sayar da faya-fayai a Nashville. Daga shagon aka riƙa watsa shirin rediyo na Midnite Jamboree, inda sababbin mawaƙa da dama suka samu damar fitowa. Jack Greene da Cal Smith duk sun yi aiki a ƙungiyarsa ta Texas Troubadours kafin su yi suna. Ya kuma yi waƙoƙin haɗin gwiwa da Loretta Lynn, sannan a 1965 ya fitar da "Waltz Across Texas". A wannan shekara aka shigar da shi Country Music Hall of Fame.

Mutuwa

Ya ci gaba da yawon wasa gari-gari har 1982, lokacin da ciwon huhu ya tsayar da shi. Ya rasu a Nashville yana da shekara 70. Ɗansa, Justin Tubb, shi ma mawaƙin country ne.